Gidajen Tarihinmu: Mun Adana Kaya, Sunayensu Fa?

Kwanakin baya muna zaune da wasu abokan aiki a ɗakin hutawar malamai, bayan mun gama duba takardun jarrabawa, sai hira ta gangaro kan gidajen adana kayan tarihi. Kowa ya shiga faɗin wanda ya fi burge shi a yawace-yawacen da ya yi. Wani ya ce shi kam bai ga kamar babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ba, inda ya wuni cur yana zagaye amma bai ga ko rabinsa ba. Wani ya kawo na Alƙahira da kayan Fir'aunonin da ke cikinsa. Wata malama kuma ta ce har gobe ba ta manta da Fadar Topkapi ta birnin Istanbul ba. Da magana ta zo kaina sai na ce ni ziyarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda na kai Gidan Makama, nan cikin birnin Kano, tare da wani tsoho daga garinmu Lakwaya wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Aka kwashe da dariya, ana zaton zolaya nake yi. Lokacin shiga aji ya yi ban samu damar yi musu bayani ba, shi ya sa na ga ya dace in yi bayanin a wannan fili, domin abin da na gani a ranar ya shafi kowane Bahaushe mai kishin harshensa.

Tsohon da nake magana baffana ne, yayan mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne da damina, masaƙi da rani, kamar yadda mahaifinsu ya kasance. A hunturun shekarar 2018 na je Lakwaya, cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo, na ɗauko shi domin a duba masa ido a Kano. Muka biyo hanyar Gwarzo, muka wuce ƙasar Kabo da Rimin Gado, muka shigo gari ta Kabuga. Likita ya sallame mu da wuri, ga shi kuma Baffa ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga ƙofar fadar Sarki. Da muka isa sai na ce masa, "Baffa, ga wani gida nan kusa da ake ajiye kayan mutanen da, ko za mu leƙa?" Ya dube ni ya ce, "Kayan mutanen da kuma har sai an gina musu gida? To, mu je in gani."

Gidan Makama dai, kamar yadda mai karatu ya sani, yana daga cikin tsofaffin gine-ginen Kano. Ana danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a cikinsa aka ce ya zauna kafin a gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. A yau wani sashe na gidan yana hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1979, an kuma karkasa shi ɗaki-ɗaki: ga na ganuwa da ƙofofin gari, ga na tarihin sarauta, ga na Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, ga na zuwan Turawa, ga na sana'o'i, ga na kayan kiɗa, har da ɗakin amarya irin na da. Na sha shiga gidan, ni kaɗai ko da ɗalibai, har ina ganin babu abin da ya rage in koya a cikinsa.

Abin da ya fara tsayar da Baffa shi ne tsohon ƙyauren ƙarfe na Ƙofar Kabuga. Ma'aikacin da ke zagayawa da mu, wani saurayi mai ladabi, ya bayyana mana cewa ta wannan ƙofa sojojin Ingila suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Baffa ya daɗe yana kallon ƙyauren, sannan ya ce, "Ikon Allah! Shekara fiye da hamsin ina shiga birni ta Kabuga, ashe ƙyauren yana nan a ajiye." Ya ce kakansa ya sha ba su labarin yadda fatake da masu jakuna daga yamma suke gaggawa domin kada almuru ta yi musu a waje a rufe ƙofa.

Amma da muka shiga ɗakin sana'o'i sai al'amari ya juye. Saurayin ya nuna kayan kaɗi da saƙa ya ce, "Baba, waɗannan su ne kayan da ake saƙa da su a zamanin da." Baffa ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai ba kaya ba ne sunansu. Kowane ɗaya da sunansa." Daga nan ya karɓe ragamar bayani. Ya fara tun daga auduga: yadda mata ke gurza ta a kan magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta da bakan shiɓa, sannan su zauna kaɗi da mazari, suna shafa alli a yatsu domin kada zaren ya zame. Ya ce ɗan dunƙulen yumɓun da ke gindin mazari, wanda ke ba shi nauyin juyawa, gululu ake ce masa. Ya bambanta mana siririn zare mai ƙarfi da ake yin wadari da shi da kuma abawa mai kauri da ake zubawa a tsakani. Ya kwatanta yadda masaƙi ke zama, ƙafafunsa na taka mataki, allira na ɗaga zare tana saukewa, ƙoshiya da kwarkwaro a cikinta tana kai da kawowa, matsefi na danne abawa, can nesa kuma kunkuru da dutse a kansa yana matsowa sannu a hankali gwargwadon yadda saƙa ke ci. Yana magana hannayensa na motsi kamar yana bakin aiki, idon nan da muka kawo asibiti ya manta da shi.

Kafin mu ankara wasu yara 'yan makarantar firamare da aka kawo ziyara sun kewaye shi, malamarsu ma ta matso. Saurayin ma'aikacin ya zaro biro yana rubutu a tafin hannunsa. Ni kuwa, mai digirin digirgir a kimiyyar harshe, na laluba aljihu ban sami komai ba sai takardar asibiti, a bayanta na shiga rubuta kalmomi. Da muka isa ɗakin amarya, inda aka yi jere irin na da, sai Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Nan kuma ba fagena ba ne. Da goggonka tana raye da ta faɗa maka sunan kowace ƙwarya da kowace tasa, da wadda uwa ke bayarwa da wadda ake saye." Da muka fito ya ce mini, "Kai ɗan boko, yanzu duk karatun nan naka ba a koya muku wannan ba?" Na ce, "Ba a koya mana ba, Baffa." Ya ce, "To, ka zo gida da rani in faɗa maka sauran."

Na yi alkawari zan je da na'urar ɗaukar magana. Rani ya zo ya wuce ina fama da jarrabawa da tarurruka. Da damina ta faɗi a 2019 Allah Ya yi masa rasuwa. Abin da ya rage a hannuna shi ne kalmomi 23 a bayan takardar asibiti. Yawancinsu na same su a ƙamusun Bargery na 1934, wasu kuma a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Amma akwai uku da na rubuta cikin gaggawa, ban sa musu alamar karin sauti ko tsawon wasali ba, ban kuma rubuta abin da kowace ke nufi ba, har yau ban sami wanda zai warware mini su ba. Wanda zan tambaya yana kabari.

Kalmomin da suka rabu da kayansu

Tun daga lokacin na ɗauki wata al'ada a ajina. A farkon kowane zango nakan rubuta wasu maganganu na yau da kullum a allo, in tambayi ɗalibai asalinsu. Kowa ya san a ce jikin mutum yana rawa kamar mazari, amma idan na ce wanda ya taɓa ganin mazari ya ɗaga hannu, sai ka ga hannaye ƙalilan, su ma yawanci na 'yan karkara ne. Kowa yana cewa masu hannu da shuni idan yana nufin attajirai, amma kaɗan ne suka san cewa shuni na rini ne, kuma tufafin da aka rina aka buga da shi, irin turkuɗin da garin Kura ya yi suna da shi, yakan bar alama a jikin mai sa shi, kuma mai hali ne kaɗai ke iya sayensa. Muna cewa wane ya riƙe ragamar mulki, ko ya juya akalar zance, ko a ja masa linzami, alhali ɗalibin bai san wanne ne na doki ba, wanne ne na raƙumi. Muna cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, amma yaron da bai taɓa ɗaga akushi ya ji nauyin icensa ba, yaya zai gane dalilin fashewar?

Haka abin yake a kalmomin zamani. Masu fassara sun ɗauko rumbu suka ba ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, suka ɗauko tambari, wato gangar sarauta, suka ba alamar kamfani, suka ɗauko garkuwa ta mayaƙa suka ba ƙarfin jiki na yaƙar cuta. Wannan aiki ne mai kyau, kuma alama ce ta harshe mai rai. Sai dai wanda ya ƙirƙiro waɗannan fassarori ya iya yin haka ne saboda ya san rumbu, ya san tambari, ya san garkuwa. Mai fassarar gobe, wanda bai san ko ɗaya ba, daga ina zai ɗebo? Hatta kalmar kuɗi da ba ma wuni ba mu ambace ta ba, jam'in wuri ce, wato ɗan ƙwanson tekun da aka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa kafin kuɗin Turawa, lokacin da ake ƙirga dubu da zambar, dubu ashirin kuma da keso. Idan na faɗi haka a aji sai ka ga ɗalibai sun buɗe baki, alhali wuri ɗaya tak a tafin hannu ya fi laccar awa guda isar da saƙon. Gani ya kori ji.

A nan ne gidan tarihi da ƙamus suke buƙatar juna. Ƙamus yana riƙe da kalma, amma ba zai nuna maka yadda ƙoshiya ke kwanciya a hannu ba. Gidan tarihi yana riƙe da ƙoshiyar, amma idan aka rubuta a ƙarƙashinta cewa kayan saƙa ne kawai, to an adana icen an zubar da ilimin. A ranar da na shiga Gidan Makama da Baffa ne kaɗai na taɓa ganin kaya da suna da mai aikin sun haɗu a ɗaki guda.

Abin da na gani a wasu wurare

Da wannan ido na koma ina tuna sauran gidajen tarihin da na taɓa ziyarta. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya yi suna ne saboda sassaƙen yumɓu na Nok, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne filin da aka keɓe domin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Mutum yakan tsaya ƙarƙashin rufin ya ɗaga kai ya ga yadda aka lanƙwasa azara cikin ƙasa aka yi bakan gizo, aka haɗa su a ɗaurin guga. Tubali, makuba, zanko, indararo, duk kalmomi ne da magina suka gada, kuma da yawa daga injiniyoyinmu masu magana da Hausa ba za su iya nuna maka ko rabinsu a jikin gini ba.

A Yamai kuwa, gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda daga baya aka sa wa sunan Boubou Hama, ya zo da wata dabara da ta burge ni. Bayan ɗakunan nune-nune, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, da ragowar shahararriyar bishiyar nan ta hamadar Tenere da mota ta kayar a 1973, an ware wuri a cikin harabar inda maƙera da dukawa da masaƙa ke zaune suna aikinsu. Na zauna wajen wani baduku Bahaushe kusan awa guda, ina tambaya yana amsawa, hannunsa bai bar aiki ba. Wasu sunayen da ya faɗa sun saɓa da namu na Kano, abin da ya ƙara nuna mini cewa kowane yanki da nasa arzikin kalmomi, kuma ƙamus ɗaya ba zai taɓa kwashe su duka ba.

A wani gidan tarihi kuma a Ingila, lokacin da na je taro, na ci karo da wata babbar riga ta saƙi, an yi mata aikin aska takwas da zaren tsamiya, an sa ta cikin gilashi, an daidaita mata haske da sanyi kamar jaririya. Na yaba da irin kulawar, domin da a gidan waninmu take da tuni gara ko asu sun gama da ita. Amma ɗan allon da ke gefenta bai wuce layi biyu ba: riga ce daga arewacin Nijeriya, ta ƙarni na 19. Babu saƙi, babu tsamiya, babu aska takwas, balle sunan garin da aka saƙa ta. Na tuna cewa Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin ƙasar Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Hannayen da suka yi wannan aiki na mutanen garuruwa ne da ƙauyuka, kakannin irin su Baffa, kuma su ne ba a ambata a jikin gilashi.

Kada mai karatu ya ce Turawa kawai nake zargi. A wani gidan tarihi a nan Arewa, wanda ba sai na kama suna ba, na tarar da kayan noma an jingine su a kusurwa, garma da hauya da sungumi da magirbi, an haɗa su duka ƙarƙashin takarda ɗaya da aka rubuta da Ingilishi. Manomin da ya fi kowa sanin kayan ba zai iya karanta takardar ba, ɗan bokon da zai iya karantawa kuma ba ta ƙara masa komai ba.

Ido wa ka raina?

Mun yi murna, kuma ya cancanta mu yi, lokacin da Jamus ta fara dawo wa Nijeriya da kayan tagullar Benin a 2022, kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Amma yayin da muke neman a dawo mana da abin da aka kai waje, me muke yi da wanda ke cikin ɗakunanmu? Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Bayan rasuwar Baffa na tambayi inda kayan saƙarsa suke. Aka ce itatuwan an daɗe da hura wuta da su, ƙoshiyar yara sun yi wasa da ita ta ɓata. Matsefi kaɗai na samu a saman wata tsohuwar rufewa. Tasoshin tagullar goggona kuwa, masu sayen tsofaffin ƙarafa ne suka auna su a sikeli suka biya kuɗin nauyinsu. Ban zargi kowa ba, domin ni da na san darajarsu ina birni ban tambaya ba sai da aka gama. Na kuma tabbata abin da ya faru a gidanmu yana faruwa a gidaje da dama a Lakwaya da Getso da Kutama da Garo da sauran garuruwan yammacin Kano.

Na san akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne. Wani abokina ya taɓa ce mini, mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, kai kana kukan mazari. Maganarsa tana da nauyi, kuma ban ce a ɗauki kuɗin asibiti a gina gidan tarihi ba. Amma yunwa za ta iya wucewa a sake yin noma, tsohon da ya tafi da kalmominsa kuwa ba ya dawowa, kuma abin da nake nema bai kai kuɗin walimar rantsar da shugaban ƙaramar hukuma ɗaya ba. Akwai kuma masu ƙyamar gidan tarihi suna kiransa gidan gumaka. Waɗannan ina roƙonsu su shiga Gidan Makama su ga alluna da tawada da rubuce-rubucen malamai, ko su je Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, su ga yadda ake adana takardun magabata. Mai ajiye garmar kakansa domin jikoki su gani ba bauta mata yake yi ba.

Ƙorafi na uku daga abokan sana'ata yake fitowa, kuma shi ya fi ƙarfi. Sukan ce harshe rayayyen abu ne, kalmomi na mutuwa wasu na haihuwa, kamar yadda gomiya biyu ta ba ashirin wuri, anini da sisi da sule suka tafi bayan zuwan naira a 1973. Wannan gaskiya ne, shi nake koyarwa, kuma ba na kiran mata su koma kaɗi ko matasa su bar waya su kama allira. Zamani riga ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin kalmar da ta fita daga bakin mutane bayan an rubuta ta, an ɗauki muryar mai faɗinta, an ajiye abin da take nufi, da wadda ta ɓace babu wanda ya san ta taɓa wanzuwa. Ta farko ana iya komawa gare ta ranar da marubuci ko mai fassara ko mai bincike ya buƙace ta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ta biyu ta tafi ke nan.

Abin da za mu iya yi

Shawarata ba ta buƙatar kwangila. Na farko, kowace ƙaramar hukuma, mu fara da Gwarzo da Kabo, ta samu ɗaki guda, ko a wata makarantar sakandare ko a harabar gidan hakimi, inda za a tara kayan sana'a da na gida da jama'a suka daina amfani da su. Mutane za su bayar idan suka san za a rubuta sunan gidansu a jiki, kuma ba za a sayar ba.

Na biyu, kada a karɓi kaya sai da sunansa. A rubuta sunan da Hausar boko da ajami, domin dattijon da ya yi makarantar allo shi ma ya karanta, a sa sunan kowane ɓangare na kayan, da garin da aka samo shi, da karin magana ko salon maganar da ya fito daga gare shi idan akwai. Fassarar Ingilishi ta biyo baya domin baƙi.

Na uku, a ɗauki murya. A yau kusan kowane ɗalibi yana da wayar da za ta ɗauki magana da hoto. Sassan nazarin Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi suna yaye ɗaruruwan ɗalibai, kowane da kundin kammala karatu. Me zai hana a tura wasu su koma garuruwansu su zauna da maƙeri ko marini ko magini ko tsohuwa mai kaɗi, su ɗauki bayani da bakin mai shi, a ajiye kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a ɗakin tarihin garin? A nan ina jan hankalin 'yan'uwana malamai mu tura ɗalibai mata musamman, domin rabin wannan ilimi yana cikin gida, wurin da ɗalibi namiji ba zai shiga ba. Baffa da kansa ya faɗa, ɗakin amarya ba fagensa ba ne.

Na huɗu, manyan gidajen tarihinmu, irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da na tsohuwar Kwalejin Katsina da na Kanta a Argungu, su riƙa gayyato tsofaffin masu sana'a su zauna da yara, ko da sau biyu ne a shekara. Ga ranar 18 ga Mayu da duniya ta keɓe wa gidajen tarihi, ga kuma ranar 26 ga Agusta da ake bikin Ranar Hausa. Maimakon jawabai da raye-raye kaɗai, a ba dattijo kujera kusa da kayan aikinsa, a bar shi ya yi magana.

Na biyar kuma naka ne, mai karatu, kai likita ko lauya ko ma'aikacin banki da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja. Idan ka je gida hutun Sallah, nemi tsohon da ya rage a zuriyarku, ka ajiye waya a gabansa ka tambaye shi sunayen kayan aikinsa. In da hali ka ɗauko shi, tare da 'ya'yanka, ku shiga gidan tarihi mafi kusa, ka yi shiru ka saurara. Kada ka ce sai rani, kamar yadda na ce.

Matsefin Baffa yana kan teburina a ofis, takardar asibitin kuma tana cikin aljihun teburin. Duk ɗalibin da ya shigo ya tambayi mene ne wannan, nakan ce ya zauna, in faɗa masa iya abin da na sani. Kalmomin nan uku kuwa ina nan ina cigiyar ma'anarsu wajen tsofaffin masaƙan ƙasar Gwarzo da Kabo, kuma na sa ranar komawa Lakwaya da na'urar ɗaukar magana a ƙarshen wannan zango, in Allah Ya kai mu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.